Amosanin gaɓɓai da gwajin jini: likita na amsa tambayoyinku

Likita, yatsuna kan kumbura su sandare da safe, an ce amosanin gaɓɓai ne. Duk zuwa asibiti sai a rubuta mini VS da CRP. Ba abu ɗaya ba ne? (Wata uwa daga Garwa)

Hajiya, Allah ya ƙara sauƙi. Duka biyun suna nuna kumburi, amma tafiyarsu ta bambanta. A gwajin VS, ana zuba jini a siririyar kwalba a tsaye, a auna milimita nawa jajayen ƙwayoyin jini suka kwanta cikin awa 1. Yana da nawar hawa, yana da nawar sauka, kuma ƙarancin jini, juna biyu da tsufa duk suna ɗaga shi. CRP kuwa sinadari ne da hanta ke fitarwa. Cikin 'yan awoyi yake tashi, da kumburi ya lafa sai ya faɗi. Ɗakunan gwaji da yawa suna ɗaukar ƙasa da 5 ko 6 mg/L a matsayin lafiya.

CRP ɗina ya yi sama sosai da damina, alhali gaɓɓaina ba sa ciwo. (Wani magidanci daga Marwa)

Malam, ko ka yi zazzaɓi a lokacin? CRP bai san inda kumburi yake ba. Zazzaɓin cizon sauro, tarin fuka, har ruɓaɓɓen haƙori suna ɗaga shi. A nemo dalilin, a magance, sannan a sake gwajin bayan ka warware.

Shekara guda ina shan magani, amma RF har yanzu yana nan a jinina. (Wata ɗaliba daga Ngaundere)

'Yata, kada ki sake kashe kuɗi a kan gwajin RF. RF da anti-CCP gwaje-gwajen jini ne na gano cutar tun farko, ba sa nuna ko magani na aiki.

CRP ɗina ya dawo daidai, sai na daina shan methotrexate. Na yi daidai? (Wani dattijo daga Kusiri)

Baba, a'a, kuma wannan ne ya fi damuna. Saukar CRP alama ce maganin na aiki, cutar tana nan kwance. Idan aka bar ta ta farka, sai ta ci ƙashin gaɓa a hankali, kuma yatsan da ya karkace ba ya miƙewa. Akwai ma masu kumburi a fili da CRP ɗinsu ke fitowa lafiya lau. Shi ya sa muke latsa gaɓɓai 28, yatsu, wuyan hannu, gwiwar hannu, kafaɗa da gwiwa, mu ƙirga masu zafi da masu kumburi, mu haɗa da sakamakon jini kafin mu taɓa magani.

Ka koma wurin likitanka a wannan makon. Methotrexate sau 1 ake sha a mako, ba kullum ba, tare da folic acid, kuma duk bayan wata 2 zuwa 3 a duba hanta da yawan jini.