Efoksi ba ya gyara ɗanyen katako

Wai tunda efoksi, gam ɗin nan mai ruwa biyu da ake haɗawa, ya fi farin gam ƙarfi, me zai hana mu liƙa allunan madacin da aka sauke jiya daga kasuwar katako ta Na'ibawa? Kai yaro, ɗaga allo ɗaya ka ji nauyinsa. Ruwa ne fal a ciki. Katakon da za a liƙa sai danshinsa ya sauka zuwa kashi 12 cikin 100 ko ƙasa da haka.

Tambayar nan taka ta tayar min da wani mikin. Wani Alhaji ɗan kwangila ya zo min tsakiyar damina zai aurar da 'ya, yana son babban teburin cin abinci. Katakon ma da kansa ya sayo, don kada in ci riba a kai. Ina taɓawa na ce, "Alhaji, wannan ɗanye ne." Ya ce biki ya matso, in wani abu ya faru a wuyansa. A gaban mutane ya faɗa. Na sayi efoksi da kuɗin aljihuna, na haɗa allunan, ko layin haɗin ba ka gani. Ya ba da rabin kuɗi, ya ce ciko bayan biki.

Hunturu na shigowa katako ya bushe ya tsuke, tebur ya dare gida biyu. Kuma ba a layin gam ya dare ba, a gefensa ne. Gam ya riƙe, itacen ne ya yage. Ko makaho ya shafa ya san wannan. Amma mutumin nan ya aiko min da teburin a bayan a-kori-kura, wai gam jabu na sa. Cikon kuɗina har yau shiru, ga ɓata suna a gari. Na bar shi da Allah, amma ban yafe ba.

Fere allo da goge shi ba sai na koya maka ba. Abin da ke kashe ku yaran yanzu gaggawa ce, hannu ɗaya a aiki, ɗaya a waya. Efoksi ruwa biyu ne, awon da aka rubuta a jikin gwangwani shi za ka bi, ko 1 da 1, ko 2 da 1. Ƙara na biyun, wato mai sa shi daskarewa, ba ya sa ya bushe da wuri, sai dai ya bar maka shi yana danƙo. Da zafin Afrilu kwaɓa kaɗan-kaɗan a faffaɗan mazubi, in ka tara shi a kofi zai yi zafi ya daskare kafin ka shafa. Bakin katako, wato inda aka yanke shi, yana shanye gam, fara jiƙa shi da tsinkakken efoksi, sannan ka bi da mai kauri da ka zuba wa garin katako. Kada ka matse kamar farin gam, in ya tsiyaye duka babu abin da zai riƙe. Ka sa safar hannu.

Yanzu jeka ka jera allunan nan a inuwa, da sanduna a tsakaninsu iska ta ratsa. Kada kowa ya taɓa su sai na ce.