Amsa ga 'yar'uwar da ƙanenta ya dawo daga haƙar zinare

Assalamu alaikum. 'Yar'uwa, tun daren jiya na ga tambayarki, sai yanzu na samu zama. Kin ce ƙanenki ya dawo daga haƙar zinare a arewacin Sudan yana shan ƙwayar tiramol, kuna zargin har da ais (ƙwayar nan mai kama da ƙanƙara da ke hana barci), ba ya barci, ya fara ɗaukar kayan gida yana sayarwa, dattawa kuma sun rabu biyu: wasu a kai shi masid, wato tsangayar shehi da ake karatu da neman waraka, wasu a kai shi asibiti a birni. Ni manomi ne, ban karanci likitanci ba. Abin da ya sa na sa baki shi ne duka wuraren biyu an taɓa kwantar da ni.

Ƙauyenmu yana bakin kogi, kudu da Sinnar, kusa da Mai Wurno. A yankan riɗi a Gadarif na fara ƙwaya. Wanda ya taɓa aikin ya san riɗi idan ya nuna ba ya jiran kowa, ka yi sanya ya fashe ya zube a ƙasa, shi ya sa ake yanka har cikin dare. Wani abokin aiki ya ɓalla mini rabi, ya ce maganin gajiya ne. Lokacin da na kai ramukan zinare wajen Abu Hamad, ina haɗiyar tiramol mai miligiram 225 guda huɗu ko biyar a yini. Daga baya likita ya gaya mini ko majinyaci mai ciwo mai tsanani ba a wuce masa miligiram 400 a rana, kuma yawanta shi yana jawo farfaɗiya. Ni sau biyu na faɗi ina jijjiga, ɗaya a bakin rami.

Yayana da kawuna suka fara kai ni wani masid, ba da sona ba. Aka sa mini mari a ƙafa, aka rage abinci, ana ba ni rubutu da turare. Kwana na biyu zuwa na uku jikina ya rikice: zawo, gumi, hamma, hawaye, ƙashi kamar ana sara da gatari. Masu kula da mu suka ce iska ce ke fita. Ba iska ba ce, jiki ne ke neman abin da ya saba, kuma da magani da ƙarin ruwa ana rage wahalar sosai. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne wani dattijo da ke kwance kusa da ni, mashayin araƙi, giyar gargajiya mai ƙarfi, na shekaru. A dare na uku ya kama karkarwa, yana ganin macizai a bango, sannan ya faɗi. Allah ya sa akwai mota aka garzaya da shi. Yanke giya lokaci ɗaya ga wanda ya daɗe yana sha yana iya kisa, ki riƙe wannan ko da ƙanenki yana haɗawa. Mako uku na yi, ranar da aka cire marin na gudu, kafin magariba na sayi ƙwaya a kasuwa.

A 2019 na yarda da kaina aka kai ni wani asibiti a Umdurman. Kwana ashirin da wani abu na yi. Suka rage mini a hankali, suka ba ni abin barci da na ciwo, wata likita tana zama da ni tana tambayar yaushe nake sha, da wa, me ke faruwa kafin in sha. Ban taɓa lura ba sai a bakinta cewa ni gajiya da zaman banza ne ke tura ni, ba baƙin ciki ba. Amma mako uku jiki kawai yake wankewa. Na fito ƙwaƙwalwata tana nan tana lissafin inda mai sayarwa yake zama.

Nan ne masid ya yi mini rana, wani daban, wanda shehinsa ba ya karɓar irinmu sai da takardar likita, kuma ba ya ɗaure kowa. Wata huɗu na yi da ƙafata. Asuba a tashi, allo, gona da hantsi, da daddare karatu a gefen wuta tare da almajirai. Babu kasuwa kusa, babu kuɗi a aljihu, waya tana hannun shehi. Akwai kuma abin da mutumin birni ba zai gane ba: a ƙauye idan aka ce wane yana asibitin masu taɓin hankali, har auren ƙannensa mata sai ya taɓu, amma idan aka ce ya tafi karatu babu mai ɗaga kai. Haɗa likita da malami ma ba sabon abu ba ne a ƙasar nan. Dakta Tijani Al-Mahi, wanda asibitin ƙwaƙwalwa na Umdurman ke ɗauke da sunansa, ya rasu tun 1970, kuma an san shi da aiki tare da shehunan masid maimakon yaƙarsu. Don haka a ganina dattawanku duka suna da gaskiya, jeri ne kawai: likita tukuna, masid daga baya, kuma masid ɗin da babu mari babu bulala.

Ais ban taɓa sha ba, amma na zauna da masu sha. Nasa ya fi taɓa kai: kwana uku babu barci, zargin kowa, jin muryoyi, sannan idan ya sake shi sai barci da yunwa da baƙin ciki mai nauyi. Idan ƙanenki ya kai ga zargin ana bin sa ko yana maganar mutuwa, ku kawar da wuƙa da maganin ƙwari, kada a bar shi shi kaɗai, kuma wannan aikin likitan ƙwaƙwalwa ne kai tsaye.

Na san yanzu ba 2019 ba ce. Da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 asibitocin Kartum da yawa suka tsaya, likitoci suka watsu Bur Sudan, Kasala, Gadarif da Atbara. Kada ku ɗauki hanya sai kun yi waya kun tabbatar akwai wanda zai gan shi. Ku fara da asibitin gwamnati mafi kusa, su za su faɗa muku inda likitan ƙwaƙwalwa yake. Idan wurin kwana na kuɗi ne, kafin ku tura ko sisi ku tambaya: akwai likita da daddare? Dangi na iya ziyara? Me suke yi da shi bayan sallama?

Dawowa gida ita ta fi komai wuya, kuma ita ce ba a shirya mata. Abokan nan suna nan wajen mai shayi, a kan benci ɗaya. Yayana ya riƙe mini kuɗi shekara guda, ko an turo ta Bankak, manhajar banki ta waya, hannunsa yake shiga, na ji haushi ƙwarai a lokacin. Kawu ya sa ni a kwale-kwalensa, kamun kifi da asuba, lambu da yamma, in dawo a gajiye, gajiyar da ake maganinta da tuwo da barci. Zinare da yankan riɗi na haƙura da su gaba ɗaya. Duk da haka a wata na bakwai na zame a wani biki. Biyu kacal na sha suka kusa kai ni lahira, domin jikin da ya huta ba ya ɗaukar abin da yake ɗauka a da. Ku gaya masa wannan tun yana can. Da safe mahaifiyata ba ta yi kuka ba, ba ta tara mutane ba, ta ce in shirya mu koma wajen likita. Daga ranar ban ƙara ba, alhamdu lillahi.

Kada ku tara masa dangi a tsakar gida. Mutum ɗaya da yake jin kunyarsa ya same shi da safe, lokacin da abin ya sake shi. Ki bincika mana guda nawa yake sha a yini, ko ya taɓa faɗuwa, da ko yana haɗawa da araƙi ko ƙwayar Lyrica, ki rubuto nan. Idan ya taɓa faɗuwa, kada ku jira kasuwa ta ci, ku nemi mota gobe.