Amsar tambaya kan 'yan sojojin da kuka gani a teburina

Assalamu alaikum, jama'ar gida barkanmu da dare. Ku yi haƙuri, muryar nan za ta ɗan yi tsawo, don maganar ta fi ƙarfin rubutu da yatsa. Ƙanena, na ga saƙonka tun da la'asar, ina kan hanya ne. Ka ce ka ga hoton 'yan ƙananan sojojin nan da na sa, masu jar dara da masu dawakai, kana tambaya ina ake samunsu kuma da me mutum zai fara. Sai Baba Alhaji ya ɗora da tasa, wadda ta fi nauyi, ya ce me zai sa Bahaushe ya zauna yana wasa da yaƙin da aka ci kakanninsa. To Baba, Allah ya ƙara girma, zan zo kan taka, bari in fara sallamar yaron.

Abin nan na koyo shi ne lokacin da nake karatu a Nottingham, can Ingila. Garin nan shi ne matattarar masu wannan sana'a, kamfanoni irin su Perry Miniatures da Warlord Games duk a nan suke. Kuma ba sabon abu ba ne a wurinsu. Tun 1893 wani kamfani mai suna Britains ya fara zuba sojojin dalma masu rami a ciki, a 1913 kuma marubucin nan H. G. Wells ya fitar da ɗan littafin dokokin yadda manya za su jera su su yi yaƙi a ƙasa. Yanzu a kan tebur ake yi, mai tsawon ƙafa 6 da faɗin ƙafa 4, da tef ɗin awo da 'ya'yan lido. Kowace runduna da inci nawa za ta iya tafiya, kowace bindiga da inda harsashinta ke kaiwa.

Abu na farko, ka zaɓi girma ɗaya ka tsaya a kansa. Akwai milimita 15, akwai 28, akwai manya masu 54. Ni 28 nake tarawa, wato tsayin soja bai wuce gaɓa ɗaya da 'yan kai na babban yatsanka ba, amma ana ganin fuska, ana ganin naɗin rawani. In ka haɗa 15 da 28 a tebur ɗaya, ba su zama tare. Na biyu, ka fara da na roba, kada ka fara da na ƙarfe. Na roba sun fi araha, sun fi sauƙi a awo in za a aiko maka, kuma wuƙa tana cinsu. Kwalin Ansaru na Mahadin Sudan da Perry ke yi, mutum 40 ne a ciki. Wannan ya ishe ka aikin wata biyu. Kada ka sayi kwali biyar rana ɗaya, wallahi za su zauna ne babu fenti, ranka ya mutu a kan abin.

Ka ce ko a sayi waɗanda aka riga aka yi wa fenti. Ana sayarwa, akwai ma waɗanda sana'arsu ke nan. In za ka saya, ka nemi hoto na kusa da hasken rana, ka duba mashi ko tsinin bindiga bai karye an liƙa ba, ka tambaya ko an shafa musu banish. Amma ni shawarata ka koya da hannunka, kuma dalilina ne zai kai ni ga tambayar Baba.

Kayan aikin ba su da yawa. Buroshi biyu masu tsini, fentin da ake sirkawa da ruwa irin na Vallejo, gam, da 'yar wuƙa mai kaifi. Ka wanke sojan da sabulu tukuna, ka fesa masa fentin share fage, ka bar shi ya bushe. Fenti a tsinke, shafi biyu, ya fi shafi ɗaya mai kauri wanda zai cike fuska. A nan gida babbar matsalarmu iska ce. Da hunturu kafin ka ɗaga buroshi fentin ya bushe. Sai ka sami ɗan murfin roba, ka sa soso mai ruwa, ka shimfiɗa takarda a kai, a nan za ka riƙa ɗiga fentin. Kuma ka ajiye su a akwati mai murfi, nesa da taga, don ƙura da rana ba sa barin launi.

To Baba Alhaji, ranka ya daɗe. Ranar farko da na shiga wata kasuwar baje koli ta masu wannan harka, na zaga tebur-tebur. Na ga Isandlwana, inda Zulu suka karya rundunar Ingila ranar 22 ga Janairun 1879. Na ga Omdurman ta 1898, inda Ansaru sama da 10,000 suka kwanta dama a yini ɗaya, ɓangaren Kitchener kuwa waɗanda aka kashe ba su kai 50 ba. Na ga Pathan na kan iyakar Indiya. Na gama zagayena ban ga Kano ba, ban ga Sakkwato ba, ban ga Burmi ba. Abin ya tsaya mini a rai. Daula guda, mafi girma a wannan yanki a ƙarni na 19, amma a teburin nan kamar ba a taɓa yin ta ba. Daga ranar na ƙudura cewa ni zan jera namu, kuma zan jera su yadda suke.

Shi ya sa yawancin mahayan da kuka gani ni na ƙera su da kaina. Ina ɗaukar dokin Baggara na Sudan ko mahayin Buzaye, in yanke abin da ba namu ba, in kwaɓa ƙullun Milliput in gina lifidi a jikin doki har gwiwa, in zana ɗinkin nan mai gida-gida da tsinin allura. In sa wa mahayi kwalkwali, wani in sa masa sulke a ƙarƙashin riga, in ja masa amawali ya rufe baki. Likkafar ma sai na faɗaɗa ta, don tamu ba irin ta Turawa ba ce. Mahayi ɗaya yakan ci mini dare uku. Ga rawani ɗan Kura, baƙi ne amma ba baƙi ba, shuni ne mai sheƙi da aka buga da bugu. In ka shafa baƙi zalla ka ɓata shi. Sai ka fara da shuɗi mai duhu, ka ɗan taɓa shi da launin makuba a kan tudun naɗin, sannan ka sa banish mai ƙyalli a wurin kaɗai. Baturen da ya fi kowa iya fenti ba zai san wannan ba, amma duk wanda ya taɓa tsayawa kallon hawan daushe ya sani. Shi ya sa na ce ka koya da hannunka, ƙanena. Ka je Gidan Makama ka kalli kayan da idonka, ranar hawan sallah ka ɗauki hoton 'yan lifida ta gaba da ta baya.

Akwai kuma abin da fentin ya tilasta mini in kalla ido da ido. Masu jar darar nan, su ne sojojin Ingila na Afirka ta Yamma da aka kafa a 1897 ƙarƙashin Lugga, waɗanda ake kira Waf. Da na zauna zan yi musu fenti, sai na ga launin fatar da nake haɗa wa dakarun Sarkin Kano shi dai zan shafa musu. Rundunar da Kanar Morland ya taso da ita daga Zariya ta ci Kano ranar 3 ga Fabrairun 1903 ba ta wuce mutum 800 ba, kuma Turawan cikinta 'yan tsiraru ne, ba su kai 40 ba. Sauran duk baƙar fata ne, da yawansu Hausawa da Yarbawa. Kafin su ma akwai Hausawan Glover a Ikko tun 1863. Na sha karanta wannan a takarda, amma sai da na jera su layi-layi, Bature ɗaya ga namu wajen ashirin a gabansa, sannan abin ya shige ni.

Haka maganar tazara. Mutum yakan ce yaya aka yi dubban mahaya suka kasa 'yan tsirarun mutane. Ka zo tebur ka gani. A Kwatarkwashi, ƙarshen watan Fabrairun nan, wani hafsa mai suna Wright da mutum kamar 45 suka yi sahu mai kusurwa huɗu, mutanen Kano da ke dawowa daga Sakkwato suka yi ta kawo hari har tsawon awa biyu, a nan Waziri Ahmadu ya yi shahada. A teburinmu doki yana tafiyar inci 12 a juyi ɗaya, bindiga tana kaiwa inci 24. Wato kafin mashinka ya taɓa mutum, an yi maka ruwan wuta sau biyu. Ka ƙara da bindiga mai ruwa, wadda ke zubar da harsashi wajen 500 a minti ɗaya, ka ƙara da igwa. Duk wanda ya tura 'yan lifidansa cikin wannan fili da hannunsa, ya ga yadda suke raguwa, ba zai sake buɗe baki ya ce mutanen Giginya, inda aka yi yaƙin Sakkwato, ragwaye ba ne. Sun san abin da ke gabansu ranar 15 ga Maris, kuma suka fito bayan ganuwa suka tsaya.

Amma Baba, akwai iyakar da na sa wa kaina. Ba na jefa ɗan lido a kan Burmi. Ranar 27 ga Yulin 1903 Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada a can tare da ɗaruruwan mutanen da suka bi shi hijira, Manjo Marsh na Turawa ma a nan ya mutu. Wannan na gina shi ne don kallo kawai, da ganuwa da tuta, ba na wasa ba. Kuma ko a sauran wasannin na canza sharaɗin nasara. Ba yawan kisa ne ke ba ka ci ba. In ka tsare hanya har ayarin mata da yara da raƙuma ya fice ta gefen gabas na tebur, ka yi nasara ko da mahayanka sun ƙare. Ai haka tarihin ya kasance, waɗanda suka tsira sun bi Mai Wurno ɗan Attahiru har bakin Kogin Nilu, garin yana nan a Sudan da sunansa, ana jin Hausa da Fulatanci a cikinsa.

Na ga Malam ma ya taɓo maganar mutum-mutumi. Malam, Allah ya gafarta, hukunci naku ne, duk wanda zai shiga harkar ya tambaye ku tukuna. Abin da zan ƙara shi ne wasan ba dole sai da siffa ba. Sojojin Furushiya tun 1824 da 'yan guntayen dalma masu launi suke yin irinsa a kan taswira. Kafinta zai yanka maka na katako, ka rubuta sunan runduna a kai, awo da dokoki duk ɗaya ne.

Ƙanena, ranar Asabar bayan azahar ina gida. Ka zo, ina da 'yan baka 16 da na riga na fesa wa fentin farko, sai mu raba takwas-takwas. Ka taho da tsohon hoton hawan nan na kakanmu da ke wajen Hajiya, ina so in duba yadda jalalar sirdinsa take kafin in taɓa dokin da ya rage. Sai da safe.