Na gaji tsohuwar Mauser a wajen kakana, wane harsashi zan sa mata, kuma zan iya gyara ta a gida?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na gaji wata tsohuwar bindigar farauta ƙirar Jamus a wajen kakana, Allah ya jiƙansa, takardunta duk sun cika. A ƙasan bututun an buga 7,8 da 57, kuma akwai ragowar harsasai cikin wani gwangwani. An ce min duk harsashin 8x57 zai shiga. Ina so in huda samanta in ɗaura madubin hange, in ɗan goge kunamar da magagari saboda ta yi tauri. Me ka gani?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya jiƙan kaka. Don Allah kar ka sa mata komai tukuna, lambar nan 7,8 da ka karanto min ita ce ta tsayar min da hankali.

Wanda ya ce maka duk 8x57 zai shiga bai yi ƙarya ba, zai shiga ɗin, kuma nan ne haɗarin yake. Harsasai biyu ne suke amsa wannan sunan. Na farko Jamus ta fito da shi a 1888, kaurin kansa wajen milimita 8.08, shi ake rubutawa 8x57 I, wani lokaci ka ga J. Daga baya wajen 1905 sojojinsu suka koma mai tsinin kai wanda kaurinsa ya kai milimita 8.20, shi ne 8x57 IS ko JS. Tsawon kwanson ɗaya ne, milimita 57, in ka ajiye su a tafin hannu ba lallai idonka ya raba su ba. To amma maƙeran bindigogin farauta a garuruwan Jamus irin su Suhl ba su bi soja nan take ba, sun ci gaba da ƙera matsattsen bututu shekaru da yawa bayan 1905, shi ya sa shekarar ƙira kaɗai ba ta isa hujja ba. Lambar 7,8 galibi matsattsen take nunawa. In ka tura mai kauri cikin matsattse, matsin iskar albarushi zai haura abin da aka gwada ƙarfen a kai, ƙarfen da ya haura shekara ɗari ko ya kusa, kuma fuskarka ce a bayan sakatar. Wannan ne ma dalilin da kamfanonin Amurka suka daɗe suna rage wa 8mm Mauser ɗinsu (sunan da suke kiran 8x57) ƙarfi, suna tsoron irin bindigarka, amma na Turai cike suke zuwa tunda su sun raba sunayen.

Ni ko lambar ba na yarda da ita ɗari bisa ɗari, don bindiga mai wannan shekarun ta bi hannaye da yawa, wata an taɓa faɗaɗa mata mazaunin harsashi ba a sake buga komai ba. Kai ta wajen maƙerin bindiga mai lasisi ya tura dalma mai laushi ta cikin bututun ya auna ta, ya zuba abin ɗaukar siffar mazaunin, ya kuma gwada tazarar da ke tsakanin fuskar sakata da gindin kwanso da ma'auninsa. In tazarar nan ta yi yawa kwanso yana iya tsagewa iska mai zafi ta dawo baya. Aikin bai fi na yini ba.

Harsasan gwangwani kuwa, zuba su a kan tsumma ka duba ɗaya ɗaya cikin haske. Wanda wuyansa ya tsage, ko ya yi koren tsatsa, ko kan yana motsi in ka taɓa, ya gama aiki, ka miƙa su inda doka ta ce a miƙa, kar ka jefa a wuta ko bola. Ko masu kyan gani ni ba zan harba ba. Tsohon ƙyastu, wato ɗan abin da ke gindin kwanso mai kunna albarushi, yana iya jinkirin kamawa, ka ja kunama ka ji shiru sai bayan daƙiƙa biyu ta tashi, in hakan ta taɓa faruwa da kai bar bakin bindigar yana kallon inda babu kowa kamar minti ɗaya kafin ka taɓa sakata. Sannan da yawa daga ƙyastun da can suna barin wani gishiri a bututu mai jan danshi, man bindiga kuma ba ya narkar da shi, sai ruwan zafi, a busar sosai sannan a shafa mai. Na taɓa leƙa bututun da aka bari kwana uku kawai ba a wanke ba, cikinsa ya yi ja kamar garin bulo.

Maganar kunama, a'a, gaskiya a'a. Haƙorin da yake riƙe allurar da ke bugun ƙyastu taurinsa a fata yake kawai, siriri ne sosai, magagari na cinye shi ka isa ƙarfe mai laushi, zai yi ta lalacewa a hankali har ranar da za ka rufe sakata ko gindin ya bugi ƙasa ta tashi da kanta. Sau da yawa ma taurin da kake ji tsohon mai ne ya daskare ya haɗu da ƙura, wanki kaɗai yake warware shi.

Huda ma ba aikin injin hannu ba ne. Gaban jikin bindigar nan ne kunnuwan sakata suke kamawa, rami ya kauce kaɗan ko ya zarce zurfi ka raunana wurin da yake ɗaukar duk ƙarfin harbi, kuma darajarta a wajen masu tara tsofaffin bindigogi ta faɗi ke nan. Akwai mazaunin madubi da ake ɗaurawa a gurbin saitin baya ba tare da huda ba, tambayi maƙerin ko akwai wanda ya dace da taka. Ka kuma bincika dokar ƙasarka, a wurare da yawa taɓa bututu ko sakata sai mai lasisi.

Abin da za ka iya a gida yana nan. Ka tabbatar babu komai a ciki, zare sakatar, goge ƙarfen da mai kaɗan, katakon kuma tsumma mai ɗan danshi sannan ɗigon man linsid ka murza da tafin hannu. Ban da sanfefa, tana cinye zanen riƙo da maƙerin ya sassaƙa da hannu. Duba katakon da kyau a bayan inda ƙarfe ya zauna, nan yake fara tsagewa, in ka ga layi ko siriri kamar gashi ne ka nuna wa maƙerin ranar da ka kai ta.