Tambayoyinku: manhajar da kowa ke iya leƙa cikinta, za a iya yarda da ita kuwa?

Assalamu alaikum jama'a. Tambayoyi uku na ɗauko wannan makon, duk sun zagaya kan abu ɗaya, wato buɗaɗɗun manhajoji, waɗanda masu su ke sakin kod ɗin, wato rubutun umarnin da aka gina manhajar da shi, a fili kowa ya karanta, ya gyara, ya yi amfani da shi ba tare da ya sayi lasisi ba.

Tambaya: Malam ni ɗalibi ne a Zariya, ina so in fara koyon yadda ake horar da kwamfuta ta gane abu da kanta, amma laftof ɗina RAM 4GB ne kawai, an ce min sai na sayi babba da manhaja mai tsada. Haka ne?

Amsa: Ɗan'uwa wanda ya faɗa maka haka bai kyauta maka ba. Manhajojin da ake wannan aikin da su kusan duk kyauta ne. Ka sauke Python, yaren rubuta manhaja, ka ɗora Jupyter, inda za ka riƙa rubuta kod ɗin, da scikit-learn, kayan horar da kwamfuta, shi kenan ka fara. Shi scikit-learn tun 2007 aka faro shi, daga baya cibiyar bincike ta INRIA a Faransa ta riƙe shi, kuma yana gudu lafiya lau a kan irin laftof ɗinka.

Ga aikin farko da nake ba masu koyo. Buɗe wayarka da ta 'yan gidanku ka kwafo saƙonnin tes kamar 500, ka zuba su a Excel, layin tsaye na farko saƙon, na biyu a gefensa ka rubuta "damfara" ko "gaskiya". Irin saƙon nan na "an rufe BVN ɗinka kira wannan lamba" ai ba ya wuyar samu. Ka goge sunaye da lambobin mutane tukuna. Sai ka ba kwamfutar 400 ta koya, ka ɓoye 100 ka gwada ta da su, ka ga nawa ta ci nawa ta faɗi. Ranar da ka zauna ka duba waɗanda ta faɗi ɗaya bayan ɗaya kana tambayar kanka me ya ruɗe ta, to ranar ka fara fahimtar fannin, ya fi maka kallon bidiyo hamsin.

TensorFlow na Google da ya fito 2015, da PyTorch da Facebook suka fitar, su ne na manyan ayyuka irin na hoto da murya, kuma su kam suna son GPU, wato ɓangaren kwamfuta mai saurin lissafi. In ka kai nan sai ka shiga Google Colab ta burawuza, suna ara maka injin na ɗan lokaci, amma yana yankewa, don haka ka riƙa ajiye aikinka a Drive. In Hausa kake son yi wa aiki, akwai muryoyin Hausa a Common Voice na Mozilla, akwai kuma Masakhane, ƙungiyar masu bincike kan harsunan Afirka, ka neme su.

Tambaya: Ranka ya daɗe ni 'yar kasuwa ce, ɗana ya ce in riƙa ajiye kalmomin sirrina a wata manhaja wai buɗaɗɗiya. To in kowa na ganin yadda aka haɗa ta, ba ɓarayin intanet ma sun gani ba kenan? Ni abin bai kwanta min ba.

Amsa: Hajiya tambayarki ita ce ta fi muhimmanci a yau, zan ɗan daɗe a kanta.

Ki duba kwaɗon ƙofar shagonki. Duk makerin da ke kasuwa ya san yadda cikin kwaɗo yake, amma wannan bai buɗe masa shagonki ba, sai in makullin ya shiga hannunsa. Ilimin kulle bayanai ma a kan haka aka gina shi. Tun 1883 wani masani ɗan Holan, Auguste Kerckhoffs, ya kafa ƙa'idar cewa tsarin sirri ya zama ko maƙiyi ya san yadda yake aiki ba zai iya buɗe shi ba muddin bai da makulli. AES, tsarin da bankuna da wayoyi ke kulle bayanai da shi yau, gasa aka yi a fili, wasu 'yan Beljiyam biyu, Joan Daemen da Vincent Rijmen, suka kawo nasu, masana suka yi shekaru suna ƙoƙarin fasa shi, sannan Amurka ta amince da shi a 2001. Tsarin kulle saƙo na manhajar hira ta Signal ma a buɗe yake, kuma shi WhatsApp suka ɗauka suka kulle hirar mutane da shi gaba ɗaya a 2016, duk da cewa kod ɗin WhatsApp ɗin kansa a rufe yake.

Amma ba zan ce miki duk abin da yake a buɗe lafiyayye ne ba, don ba gaskiya ba ne. A watan Afrilun 2014 aka gano wata ɓaraka da aka sa wa suna Heartbleed a OpenSSL, buɗaɗɗiyar manhajar da shafukan intanet ke kulle bayanai da ita, kuskure ne ɗan ƙarami da ya kwana kusan shekara biyu a fili ba wanda ya lura, kuma da shi ɓarawo zai iya yagar bayanai daga ƙwaƙwalwar saba, wato kwamfutar da ke riƙe da shafin, har da kalmomin sirri. A lokacin ne duniya ta farga cewa manhajar da ɗimbin shafukan intanet suka dogara da ita mutane ƙalilan ne ke kula da ita, kusan ba kuɗi.

Na 2024 ya fi tayar min da hankali wallahi. Akwai wata 'yar manhaja ta matse fayil mai suna xz da ke cikin kusan kowace Linux, wato buɗaɗɗen tsarin tafiyar da kwamfuta irin Windows, mutum ɗaya ne ke ɗawainiya da ita a matsayin sa kai. Wani da ke amfani da sunan Jia Tan ya shafe kusan shekara biyu yana taimakawa, yana gyare-gyare, har aka yarda da shi aka ba shi dama, sai ya dasa ƙofar baya, wato ɓoyayyiyar hanyar kutse, a siga ta 5.6.0 da 5.6.1. Wanda ya kama shi wani injiniya ne a Microsoft, Andres Freund, da ya lura shiga kwamfuta daga nesa ta hanyar SSH ya ƙara nauyi da kamar rabin daƙiƙa, bai ce ai netwok ne ba, ya bi diddigi har ya tono abin ya sanar ranar 29 ga Maris. Kin ga buɗewar ce ta ba mugun hanyar shigowa, kuma ita ce ta ba Freund damar tonawa kafin abin ya bazu. Da a rufe kod ɗin yake, iyakarsa ya kai ƙorafi ya jira.

Don haka shawarar ɗanki mai kyau ce. Bitwarden ko KeePassXC, buɗaɗɗun manhajojin ajiye kalmomin sirri, duk sanannu ne, idanu da yawa na kansu. Ki zaɓi babbar kalmar sirri guda mai tsawo wadda za ki riƙa buɗe manhajar da ita, kalmomi huɗu ko biyar da ba su da alaƙa da juna, ba sunan 'ya'ya ba, ba shekarar haihuwa ba, ki rubuta a takarda ki adana inda kike adana takardun fili, saboda in ta ɓace ba wanda zai iya buɗe miki, musamman KeePassXC. Sannan don Allah in akwai GBWhatsApp a wayarki ki cire, shi ba buɗaɗɗe ba ne, ba ki san wanda ya taɓa cikinsa ba.

Tambaya: Oga na saka Kali Linux, ya zan shiga wayfay ɗin maƙwabcinmu in gwada ƙwarewata?

Amsa: Ƙanena kar ka yi. Shiga na'urar wani ba izininsa na iya zama laifi a dokar laifukan intanet ta Najeriya ta 2015, ga kuma haƙƙin maƙwabtaka. Abin gwaji kuma yana ɗakinka. Haɗa laftof ɗinka da MiFi ɗinka, ka buɗe Nmap, manhajar da Gordon Lyon ya fitar tun 1997, ka ba ta adireshin MiFi ɗin, galibi 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, za ta jero maka ƙofofin da ke buɗe. Za ka ga mai lamba 80, nan ne shafin saiti, ka shiga ta burawuza ka gwada admin a wurin suna da admin a wurin kalmar sirri, mutane da yawa a nan suke gano cewa tun ranar da suka sayo shi ba su canza kalmar sirrin kamfani ba. Canza ta nan take. Masu Nmap sun ma ware scanme.nmap.org don masu koyo su gwada, ba da yawa ba dai.

Daga nan ka buɗe Wireshark, manhajar da ke nuna bayanan da ke shiga da fita kwamfutarka, ka ziyarci shafi mai http, sannan mai https, ka kwatanta. Na farko za ka karanta rubutun ɓaro-ɓaro, na biyu tarkace kawai za ka gani, wannan shi ne kullewar da na yi wa Hajiya bayani a sama. In fasawa kake son koya, saka VirtualBox, manhajar da ke kunna wata kwamfuta a cikin taka, ka ɗora Metasploitable a ciki, kwamfuta ce da aka ƙera da ramuka da gangan don a koya a kanta, amma ka saita ta yadda ba za ta fita intanet ba.

Kuma Kali ɗin nan, Linux ɗin masu gwajin tsaro, ina fatan daga kali.org ka sauke shi, ba wanda aka tura maka a Telegram ba. Ka riƙa sabunta shi, don ita waccan gurɓatacciyar xz ta shiga Kali na 'yan kwanaki a Maris 2024 kafin su fitar da gyara. Wanda bai da laftof kuma zai iya saka Termux, manhajar rubuta umarni, daga F-Droid, shagon buɗaɗɗun manhajoji, a wayar Android, ya rubuta pkg install nmap, ya yi gwajin MiFi ɗin daga nan.