Kowane Dakta ne likita?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mahaifiyata na fama da hawan jini. Na kai wa maƙwabcinmu takardar gwajinta, don kowa Dakta yake ce masa, kuma akwai Dr. a gaban sunansa. Ya jujjuya ta, ya miƙo mini, ya ce shi tarihi ya karanta. Ashe Dr. ba likita ba ne? Kuma mene ne MBBS da MD?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba Mama lafiya. Wallahi maƙwabcin nan ya burge ni da ya faɗi gaskiya, don na taɓa ganin wanda kunya ta hana shi cewa bai sani ba, ya kama zana wa mutane sunayen magunguna.

Dakta da likita kalma ɗaya ce ta Turanci, bakin Bahaushe ya raba ta biyu, kuma rabuwar ta yi amfani. Tushenta Latin ne, ma'anarta mai koyarwa. Saboda haka Dr. laƙabi ne. Wanda ya yi digiri na uku, wato PhD, a tarihi ko lissafi yana amsa shi. Wasu ma da digirin girmamawa suke liƙa shi, ba su taɓa riƙe allura ba. Likita kuwa sana'a ce: ya karanta aikin, ya yi horo a gefen gadon majinyata, hukumar likitoci ta ba shi lasisi.

Abin da ke bayan suna ya fi na gaba faɗa miki gaskiya. MBBS digirin likitanci da tiyata ne a tsarin Ingila da ƙasashen da suka bi sawunta. A Amurka MD suke bayarwa, bayan shekara 4 a makarantar likitanci kan digirin farko. A Ingila kuwa MD ɗin nan digirin bincike ne da likita ke ƙarawa daga baya.

Wani abin da ke ba ni sha'awa, a Ingila ƙwararren likitan tiyata ajiye Dr. yake yi, ya koma Mista. Asalinsa, a da wanzamai ne ke fiɗa a can, kuma Mista ake ce musu ba Dr. ba, ƙungiyarsu ɗaya da masu tiyata daga 1540 har suka rabu a 1745.

Ki kai Mama asibiti da takardar nan cikin makon nan, ki haɗa da kwalayen duk magungunan da take sha.