An mayar da ɗana fili bayan ya bugu a ka: wa za mu kai ƙara?

Hajiya, na karanta wasiƙarki a kan ɗanki da ke buga wa wata jami'a ƙwallon ƙafa irin ta Amurka, wanda ya yi karo da wani ɗan wasa, ya tashi yana tangaɗi, aka mayar da shi fili bayan 'yan mintuna, kuma yau wata uku ke nan hasken fitila na sa masa ciwon kai, abin da ya karanta ba ya zama. Allah ya ba shi lafiya.

Karon kansa ba zai zama hujja a kotu ba, domin dokar Amurka na ɗaukar cewa wanda ya shiga wasan gwabzawa ya amince da haɗarin da ke cikinsa. Hujjarku tana wajen mayar da shi fili. Tun 2010 hukumar NCAA, mai kula da wasannin jami'o'i, ta wajabta wa kowace jami'a da ke ƙarƙashinta rubutaccen tsari, cewa duk ɗan wasan da aka ga alamar girgizar ƙwaƙwalwa a tare da shi a fitar da shi a duba shi, idan an tabbatar kada ya sake buga wasa a ranar, kuma ba zai dawo ba sai likita ya sahale masa. Idan jami'a ta karya tsarin da ita da kanta ta rubuta, to a nan ake kafa zargin sakaci.

Ba na ba ku shawarar ku fara da NCAA. A Nuwamban 2022 masu taya alƙali yanke hukunci a Los Angeles sun wanke ta daga ƙarar da matar marigayi Matthew Gee, tsohon ɗan wasan jami'ar Kudancin California (USC), ta shigar kan raunin ƙwaƙwalwar da ta ce ya samu a wasa, tana neman dala miliyan 55. Shi kuwa asusun NCAA na dala miliyan 70 da kotun tarayya a Chicago ta amince da shi a 2019, na gwajin lafiya ne, ba ya biyan diyya, kuma ya shafi waɗanda suka buga wasa zuwa Yulin 2016 ne kawai, ɗanki ba ya ciki.

Abin da ya fi damuna shi ne lokaci. Yawancin jihohi suna ba da shekara biyu ko uku a shigar da ƙarar rauni, amma idan jami'ar ta gwamnatin jiha ce, doka tana ba ta kariya ta musamman, kuma a wasu jihohin dole a miƙa sanarwar ƙorafi a rubuce cikin wata shida. Wata uku sun riga sun wuce.

Tunda ya haura shekara 18, jami'ar ba za ta ba ki takardun jinyarsa ba sai da izininsa a rubuce, saboda haka shi ne zai nemi kwafinsu, da na tsarin da na ambata, ya kuma adana bidiyon wasan da saƙonnin da koci ya turo masa. Ya ga likitan ƙwaƙwalwa wanda ba ma'aikacin jami'ar ba ne. Na san yaranmu kan ɓoye ciwo don tsoron rasa tallafin karatu, to ki kwantar masa da hankali, ƙa'idar NCAA ta hana a soke tallafi saboda rauni a cikin wa'adin da aka bayar da shi. Kada ya sa hannu a wata takardar sulhu kafin ya zauna da lauya mai lasisin aiki a jihar da jami'ar take. Yawancinsu ba sa karɓar kuɗi sai an ci shari'a, sannan su ɗauki kusan kashi ɗaya cikin uku.